Ja da Rawaya a Keji Ɗaya

Ni da na tashi ina korar tsuntsu daga gonar gero, sai ga ni a Riyad ina yi wa tsuntsu hidima. Direba aka ɗauko ni, amma a gidan kafili, ubangidan da iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar, ke hannunsa, babu aikin da ba na direba ba.

Tsuntsaye biyu yake ji da su, duk maza, duk daga Kudancin Amurka, kowa da kejinsa. Ɗaya rawaya ne, goshinsa kamar an shafa masa manja. A ƙasan keji yake cin abinci yana watsi da ƙaiƙayi, in ya fara kuka kuwa ba ya gajiya. Ɗayan ja ne mai baƙin kai, da kaɗan ya ɗara babban yatsana. Ƙananan iri baƙaƙe kawai yake tsinta, kukansa ma sai ka kasa kunne. Shi ne mai tsadar.

Da kafili zai yi tafiya ya ce, "Ka kula min da su. In na dawo zan sa hannu a kan hutunka." Shekarata uku ke nan ban je gida ba, 'yata ta fari a waya kaɗai na san ta.

Kaɗaicin jan nan ya dame ni. Mu a unguwar Manfuha mu takwas ne a ɗaki, ɗan Kano da ɗan Maraɗi, duk wanda ya sauka sai a matsa masa. Na ce waɗannan ma ai 'yan gari ɗaya ne, baƙi a ƙasar mutane, me zai hana su ɗebe wa juna kewa? Na haɗa su keji ɗaya, har ina jin na yi aikin lada, na tafi kai yara makaranta.

Kafin in dawo rawayan ya fige jan. Na tarar da shi a kusurwa, ƙeya duk jini, gogan kuwa yana kan sanda yana rera waƙa. Jan bai kai la'asar ba ya mutu.

Da kafili ya dawo bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya dubi kejin, ya dube ni, ya ce, "Hutu sai bayan Hajji, in sha Allahu." Na san irin wannan in sha Allahun.

Na koma Manfuha, na buɗe jakar tsarabar da na haɗa a kasuwar Batha, na ɗaga takalman yarinyar ina dubawa. Kafin in je ƙafarta ta wuce su. Sai na miƙa wa wani ɗan ɗakinmu da zai tafi gida ran Juma'a, na ce ya sa mata su da hannunsa.