Baba Bai Yanke Hukunci Ba Sai da Ya Ji

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina saukowa daga gangaren Mpape, a gefen Abuja, da hantsi, ta siririyar hanyar nan da ke bi ta bayan masu fasa dutse, ƙanwata Hauwa ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. "Yaya Mubarak, Baba ya rasu," kawai ta ce, sai kuka ya ci ƙarfinta. Na zauna a bakin hanya, masu acaɓa na wuce ni. Bayan zafin rashin, abin da ya fara sauka a zuciyata tambaya ce mai nauyi: shin mahaifina ya bar duniya yana fushi da ni?

Mahaifinmu, Alhaji Shehu, injiniyan sauti ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gidan rediyo, a bayan gilashi, yana gyara muryoyin wasu, tasa muryar kuwa ba ta taɓa fita ba. Da ya yi ritaya ya koma Gwagwalada, amma aikin bai bar shi ba. In lasifikar masallacin unguwa ta fara ƙara, ba ya jiran a roƙe shi, da an sallame zai naɗe hannun riga. A wurin ɗaurin aure na sha ganinsa ya taso daga sahun manya, da babbar rigarsa, ya je ya matsar wa mai sanarwa da makirufo daga bakinsa, ya dawo ya zauna kamar ba shi ba. Mu 'ya'yansa kunya ta rufe mu, shi ko a jikinsa.

Yana da wata magana da ya kwaso daga ɗakin watsa shirye-shirye, inda jar fitila ke nuna an fara watsa shiri: "In jar fitila ta kama, baki ya huta, kunne ya yi aiki." Da ita ya rene mu. In muka yi faɗa muka kawo ƙara, ba ya bari a katse mai magana, ko da ƙarya yake shararawa. "Bar shi ya kai ƙarshe," zai ce. In kuma aka tambaye shi ra'ayinsa a kan wa'azin wani malami ko jawabin wani ɗan siyasa da gari ya ɗauka, amsarsa ɗaya ce: "Ban ji da kunnena ba tukuna, saboda haka ba ni da ra'ayi." Wannan hali ya sha ba abokansa haushi.

To mutumin da ya yi rayuwarsa yana tsabtace sauti, shi Allah ya ba ɗa irina. Ni da abokaina uku muna yin irin kiɗan nan da masu yinsa ke kira hardcore punk: jita mai gurnani, ganguna da gudu, ni kuma ina ihu iya ƙarfin maƙogwarona. A wani ɗaki a Mpape muka naɗi faifanmu na farko, muka sa masa suna Dutse Ya Fashe. Waƙoƙin a kan rusau ne, da mutanen da ke gina Abuja da rana su kwana a bayanta. Muka sake shi a intanet, muka zauna jiran abin da jama'a za su ce.

Kai, jama'a sun ce! Wani ya rubuta cewa ya ɗauka janaretonsa ne ya lalace, har ya fita dubawa. Wata ta ce tun da ta kunna ɓeraye suka bar mata kicin, ta gode. Wani mai gadi a Maitama ya ce karnukan ogansa sun yi ta amshi. Akwai wanda ya ba mu shawarar neman ruƙiyya, kuma da gaske yake yi. Ba duka ne suka yi tir ba. Wani direban bas ya ce wannan ita ce ƙarar da ke cikin kansa kullum a cunkoson Nyanya, yau ya ji an fito da ita fili. Duk waɗannan dariya muka yi ta yi a kansu, don wanda ya zaɓi irin kiɗanmu ya san ba tafi zai sha ba.

Dariyar ta tsaya ranar da faifan ya shiga zauren dangi na waya. Baffa Lawal, ƙanen Baba, ya turo saƙon murya mai tsawo. Ya ce ɗan gidan mutunci ya fita duniya yana kururuwa kamar mai taɓin hankali, ya zubar mana da suna. Ya rufe da cewa: "Yaya, kai ne uba. In ba ka tsawata ba, to ka cire hannunka daga kansa kowa ya sani." Goggonnina suka bi da nasu. Kowa ya yi magana, ban da Baba.

Watanni suka shuɗe a haka. Ina zuwa Gwagwalada in durƙusa in gaishe shi, ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni ko ina cin abinci, ya sa Umma ta ɗaura mini yaji. Faifai kuwa ko da wasa bai ambata ba. Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na ce, "Baba, maganar waƙoƙin nan..." Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya gyaɗa kai, ya koma kan jaridarsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na dawo Mpape da tabbacin cewa fushin ya kai inda ba a magana, kuma da wannan tabbacin na tsaya a sahun jana'izarsa.

A zaman makoki ne Baba Bitrus ya zo. Tsohon abokin aikin Baba ne, mutumin Filato, tare suka yi shekaru a bayan gilashin nan. Ya yi wa manya gaisuwa, sannan ya zauna kusa da ni a tabarma ya dafa gwiwata.

"Kai ne mai hayaniyar, ko?" ya ce.

Na sunkuyar da kai. Baffa Lawal yana zaune daf da mu.

"Ɗaga kanka, ɗana. Ka san Oga Shehu kunnensa ya mutu?"

Ban sani ba. Babu wanda ya sani cikinmu sai Umma. Baba Bitrus ya ce jin Baba ya daɗe yana raguwa, ya ɓoye, don mutumin da ya ci abinci da kunnensa ba ya son a riƙa ɗaga masa murya cikin tausayi. Leɓenmu yake karantawa, inda ya kasa sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Ya kunna faifan tun makon da ya fito, ƙarar ta iso masa, amma ya kasa rarrabe jita da ganga, balle ya ji kalmomi.

"Na ce masa, Oga, ni na ji, bari in faɗa maka, abin ba ya sauraruwa. Ya ce, Bitrus, wannan ra'ayinka ne. Lawal ma ya ba ni nasa. Yaron nan ba zan yanke masa hukunci da kunnen aro ba."

Sai a 'yan kwanakin nan aka haɗa masa na'urar ƙara ji a asibitin koyarwa. Suna dawowa, ko hula bai cire ba, ya sa Baba Bitrus ya kunna faifan daga farko. Ya ɗaga yatsa ɗaya sama kamar yadda yake yi in jar fitila ta kama. Ba wanda ya yi tari har waƙar ƙarshe ta ƙare.

"Me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce hayaniya ce, masu cewa hayaniya ce ba su yi ƙarya ba, kuma shi ba zai sake kunnawa don jin daɗi ba." Baba Bitrus ya yi 'yar dariya, idonsa da ƙwalla. "Amma ya ce kowa yana shigowa a kan lokacinsa, ba hauka ba ne, an tsara. Ya ce babu batsa, babu zagin iyayen kowa, yaron kuka yake yi wa waɗanda aka rushe wa gidaje. Nan take ya ɗauki waya ya kira ƙanensa."

Na juya na dubi Baffa. Ya gyara zama, ya yi gyaran murya. "Haka aka yi," ya ce. "Cewa ya yi, Lawal, na ji, na kai ƙarshe. Ɗana bai yi abin kunya ba, Allah ya yi masa albarka. Ni dai, Mubarak, har gobe ciwon kai abin nan yake sa ni. Amma uba ya yi magana."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Tun da Hauwa ta kira ni ban yi kuka irin wannan ba, kuma ba na baƙin ciki kaɗai ba ne. Wani dutse ne aka sauke mini daga ƙirji. Alhamdulillahi, Alhamdulillahi.

Da na shiga cikin gida wurin Umma, ta jawo wata leda daga ƙarƙashin matashinta ta miƙo mini. Kebul ɗin jita ne sabo, an naɗe shi tsaf irin naɗin Baba, an liƙe bakinsa biyu da dalma.

"Abu ɗaya ne ya ɓata masa rai," ta ce. "Wai akwai wani zuuu da ke bin ƙarƙashin kiɗan tun daga farko har ƙarshe, kebul ɗinku ne ya saki daga ciki. Ya ce ihun naka ne, ba ruwansa, amma ɗan Shehu ba zai fitar da aiki da wannan zuuu ɗin ba. Da hannunsa ya haɗa. Na ce ya kira ka, ya ce a'a, sai ka zo ranar Asabar ya ba ka hannu da hannu."

Na koma na saurari faifan. Zuuu ɗin yana nan, a inda ya faɗa. Cikin duk waɗanda suka yaba da waɗanda suka zaga, babu wanda ya ji shi sai Baba.

Ya Allah, ga bawanka Shehu ya zo gare ka. Bai yanke wa kowa hukunci da jita-jita ba, ka yi masa hisabi mai sauƙi. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka ba Umma haƙurin rashin abokin zamanta, ka dafa wa Hauwa da sauran ƙannena, ka saka wa Baba Bitrus da alheri, ka haɗa kan zuriyar da ya bari. Albarkar da ya sa mini ban ji da kunnena ba, ya Allah ka tabbatar da ita a kaina, ka sa in cancance ta har ranar da zan riske shi. Amin.