Ƙwaryar da Kaka ta Ɗaukar Mini

Jiya a unguwar Sakasaka na ji ƙamshin kindirmo, sai kakata ta faɗo mini a rai. Har na kai aji huɗu ban iya karatu ba, saboda tallar nono. Da gwamnati ta buɗe darasin yamma kyauta ga irinmu, sai lokacinsa ya zo daidai da na talla. Kaka ta sauke ƙwaryar daga kaina, ta ɗora bisa furfurarta.

"Kaka, gwiwarki fa?"

"Gwiwar taki ce, sarkin surutu? Wuce makaranta!"

Kullum daga ƙauyenmu Gbalahi take takowa zuwa gari da ƙwaryar. Ranar da na karanta mata takardar maganin gwiwar, ta yi dariya: "Ashe sau biyu ne, nake shan uku!"

Allah ya hutar da ƙafafun nan a Aljanna.