Murhun da Inna ta kai Samaru

Mahaifiyata ta yi fim a zamanin kaset, kuma kusan kullum karuwa take fitowa. Sigari a baki, ɗauri ya karkace, ga wata dariya da take ja har sai mazan fim ɗin sun susuce. A gida kuwa ko ƙamshin taba ba ta so. Amma wa zai gaya wa matan layinmu na Sabon Gari haka? Su kalle ta a talabijin su sha dariya, gari ya waye su hana 'ya'yansu shiga gidanmu. Ni kaɗai na taso a tsakar gidan nan, ina jin hayaniyar yara ta bayan katanga. Har yau abin yana ci mini rai.

Da aka daina kiranta fim, sai ta koma ƙere-ƙere. Takan je wurin masu yanka katako a Chikaji ta ɗebo garin katako a buhu, ta zauna da tsofaffin gwangwanayen fenti tana hudawa tana gwadawa. Ta ƙona yatsu, ta ƙona tukwane, har ta samu murhun da ke cin garin katako ba hayaƙi, da 'yar ƙofa a gindi ta rage wuta. Maƙera suka gani suka kwaikwaya, ya bazu a unguwa. Babu wanda ya taɓa cewa nata ne, ita kuwa burinta shi ne ko sau ɗaya a faɗi hakan a gabanta.

Bayan ta tsufa, wasu ɗalibai mata suka zo daga jami'ar da ke Samaru. Suka durƙusa suka gaishe ta, babbarsu ta ce, "Mama, muna taron karrama mata masu fasaha, kuma ke ce a kan gaba."

Inna ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. A wurinta fasaha ita ce aikin hannu da ƙwaƙwalwa, irin ta injiniyoyi. Ta wanke murhunta mafi kyau da toka, ta naɗe shi a sabon zane, ta yi ta bitar yadda za ta bayyana zagayawar iska a cikinsa.

Ranar taron muka hau keke napep, murhun yana kan cinyarta. Zauren ya cika. Muna shiga na ga hotonta a bango, ƙato, da sigari a baki. Ashe fasahar da suke nufi ta wasan kwaikwayo ce.

Aka miƙa mata makirufo. Ta fara cewa, "Na zo muku da wani abu," sai wata daga baya ta ɗaga murya, "Mama, dariyar nan za ki yi mana!" Zaure ya ɗauka. Na ja hannunta na ce, "Inna, tashi mu tafi." Ta zame hannun. Ta tura ɗankwali gaba, ta karkata kafaɗa, ta ja dariyar. Wurin ya kaure da tafi, wasu har da tsayawa a kan kujera. Ni dai haushi ya hana ni ɗaga kai.

A hanyar komawa, da muka wuce Kwangila, na dubi murhun a kan cinyarta. Ƙullin zanen yana nan yadda ta ɗaure shi da safe. Ta shafa shi, tana kallon titi, ta ce a hankali, "Kin ga dai sun yi murna da ganina. Rabon da wani ya yi murna da ganina, na manta."