Ganuwar Mata

Warin makuba ne ya fara tarbata tun kafin in sauka daga babur. Ɓawon ɗorawa ne da aka jiƙa kwana uku aka kwaɓa da jar ƙasa, wari mai ɗaci-ɗaci da ke kama maƙogwaro. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karatun tarihi. Na zo ƙauyen mahaifina, tsakanin Isa da Sabon Birni, don in rubuta kundin kammala karatu a kan tsohuwar ganuwar garin.

Guntu ne kawai ya rage daga ganuwar, mutum zai iya wuce shi yana riƙe da numfashi. Amma duk shekara kafin ruwan farko, matan gari kan fito su yaɓe shi. Kowace unguwa da nata wurin, ba mai taɓa na wata. Idan mace ta gama sai ta danna tafin hannunta a ɗanyen yaɓen, ta ambaci kakanninta mata ɗaya bayan ɗaya, iya wanda ta sani. Ba waƙa suke yi ba, ba kuma addu'a ba. Lissafi ne kawai, a hankali, kamar mai kiran awaki da yamma.

Goggo, ƙanwar kakana, ita ke gaba a aikin. Ta dube ni da littafina da igiyar awo ta ce, "Malama, kin zo ki auna mu?"

Na ce, "Goggo, tarihi za ni rubutawa."

"To aje biron, ki ɗauki ƙwarya. Tarihin da nauyi, sai kin ɗauka ki ji."

Matan suka yi dariya. Na ɗauki laka har wuyana ya sage. Da rana ta yi muka zauna gindin tsamiya, ta faɗa mini abin da uwarta ta faɗa mata: wata shekara maza sun tafi yaƙi sun daɗe, labari ya zo cewa mahara na tafe, sai mata suka tashi suka ɗaga wannan ɓangaren da kansu, da goyo a baya. Shi ya sa ake ce masa Ganuwar Mata. Ta kama hannuna mai laka ta ce, "Ki rubuta mu ciki. Kar ki bari a ce wasu."

Na yi mata alkawari.

Malamin da ke duba aikina ya karanta babin yana kaɗa ƙafa. Ya ja jan biro a kan shafi huɗu, duk maganar Goggo.

Ya ce, "Wannan tatsuniya ce. Ina shekara? Ina takarda? Wane Bature ya rubuta?"

Na ce, "Malam, hannayensu na jikin bangon. Na ɗauko hoto."

"Hannun bara ne. Ke kina da son waƙe-waƙe, na lura. Tarihi ba a yinsa da tausayi."

Ban iya musu ba, ban taɓa iyawa ba. Na fito ofishinsa ina murmushi kamar an yi mini kyauta, kuma har yau wannan murmushin na ba ni haushi fiye da jan biron. Na mayar da maganar Goggo can ƙarshen kundi, cikin rataye, inda ba mai dubawa. Ya karɓi awon da na yi da taswirar da na zana da hannu, har da tsamiyar a gefe, ya ce waɗannan kam aiki ne mai kyau.

Shekara biyu ban je ƙauyen ba, saboda hanya ba lafiya. Da na samu zuwa, ranar kasuwar Isa ce, na bi motar 'yan hatsi. Tun daga nesa na ga wani abu fari yana ƙyalli inda ganuwar take. Na zaci masallaci aka gina.

Ginshiƙin siminti ne, dogo, da fenti kore da fari, an kewaye shi da waya. Ganuwar babu ita. An sa katafila ta share wurin tas, an shimfiɗa tsakuwa don kujerun manyan baƙi, ana gab da zaɓe. A jikin ginshiƙin an kafa allon ƙarfe, an rubuta da Turanci cewa a nan jaruman maza na Gobir suka gina katanga don kare ƙasarsu. Ƙasan wannan kuma sunayen waɗanda suka zo buɗewa, layi-layi, kowa da muƙaminsa.

Na karanta sau uku. An rushe abin da ake cewa ana tunawa da shi, don a sami wurin kafa abin tunawar. Bangon da ya sha damina bayan damina bai faɗi ba saboda mata ba su bari ba, an kwashe shi cikin wuni ɗaya an cike rami da shi a bayan makaranta. Kuma ko kalma ɗaya a allon babu wadda Goggo za ta iya karantawa.

Na tarar da ita tana tsintar wake a faifai. Ta rame.

Ta ce, "Kin gani?"

"Na gani."

"Mi anka rubuta? Yaran nan sun ce ba su iya ba, amma na san ƙarya suke, tsoron faɗi suke."

Na so in yi mata ƙarya ni ma. Na faɗa mata gaskiya, kalma bayan kalma.

Ta zuba waken da ke hannunta cikin faifan. Sannan ta ce, "Maza, wai. Wanne cikinsu yas san kwana nawa makuba ka yi a ruwa?" Ta ture faifan. "Ke kuma, Malama, ina naki rubutun?"

Na ce yana nan a ɗakin karatu na jami'a.

"Muna ciki?"

Na ce, "Kuna ciki, Goggo. A ƙarshe."

"A ƙarshe," ta maimaita, ta ci gaba da tsintarta. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Ba a sake yaɓe ba, don babu abin yaɓawa. 'Yan matan da suka taso bayan nan ba su san jerin kakanninsu mata ba, babu ranar da za su ji ana faɗi. Goggo ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero.

Bayan shekaru, ina koyarwa a sakandare, na haɗu da wani tsohon magatakardan ƙaramar hukuma a wurin ta'aziyya a Sabon Birni. Hira ta kawo mu kan ginshiƙin. Shi ya faɗa mini cewa ba 'yan siyasa suka tsara rubutun allon ba, masani suka ɗauko daga jami'a. Da ya kwatanta shi na gane malamina ne. Ya ce taswirar da mutumin ya kawo, wadda direban katafila ya bi, zanen hannu ce, har da ɗan hoton tsamiya a gefe.