Ranar da Allon Kwamfuta Ya Ƙi Kawowa

"A mayar da shi Kaduna kawai," in ji shugaban makarantarmu ta Kagoro, a shekarun casa'in. Mun jona sabon allo da kwamfutar da aka ba mu kyauta, ya tsaya baƙi ƙirin, ga ɗalibai sun cika aji suna jira.

Ni ce malamar taifin. Na ce, "Baba, allon lafiya lau. Kwamfutar ce ba ta gane shi ba, babu direba."

Ya ce, "Ai direba yana waje, a kira shi?"

Na danne dariya, na loda faifan da ke cikin kwalin, na kashe na kunna. Allo ya kawo, yara suka ɓarke da ihu.

Baba ya ce, "Daga yau ajin naki ne."

Har yau ina jin ihun nan. Ku wa ya fara nuna muku kwamfuta?