Guguwar Rana da Rijiyar Gonata

Ko me zan manta a duniya, ban da shekarar da ambaliya ta shafe iyakar gonata ta shinkafa a fadamar Haɗeja. Da ruwa ya janye, ciyawar jemar da ta raba ni da maƙwabcina ta tafi, fili ya koma sumul kamar faranti. Rijiyar da nake noman rani da ita kuwa tana daf da iyakar.

Muka kira ma'aikacin safiyon da ya taɓa auna mana gonakin. Ya zo da na'urarsa mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, ya yi ta taku har ya wuce rijiyata, sannan ya kafa turke. Wato rijiya ta koma gonar maƙwabci ke nan.

Ni dama ba a daɗe ana neman fushina. Na ce, "Malam, da kai aka haɗa baki?"

Maƙwabcin ya ce, "Haba Alhaji, tare fa muka kira shi."

Ma'aikacin ya ƙura wa na'ura ido. Can ya ce, "Ku dakata. Ina tsaye wuri ɗaya, amma tana nuna tafiya nake." Ya buga waya ofishinsu, ya dawo ya ce, "Rana ce ta yi aman wuta kwanakin nan. Guguwarta ta bugi taurarin ɗan'adam da ke sama, ta hargitsa saƙon da suke aikowa. Wasu ma an kashe musu na'urori don kada su lalace. A cire turken, mu jira sama ta lafa."

Ban yarda ba, na ɗauka dabarar zillewa ce. Kwanakin nan abinci bai shiga cikina ba, don in ba rijiyar, ba ni ba noman rani. Uwargida har tsiya take mini: "Kai da ba ka tsoron kowa, ga rana ta hana ka tuwo."

Da sama ta lafa, ma'aikacin ya dawo ya sake awo, turke ya sauka daidai inda jemar take a da, rijiya tana ɓangarena. Na zauna a ƙasa ina hamdala. Maƙwabcin ya miƙo mini hannu yana dariya, ya ce, "To Alhaji, ko za mu kai ƙarar rana wurin hakimi?"

Tun daga nan na koyi jinkirta zargi. Saura ƙiris in ɓata da mutumin da muke noma kafaɗa da kafaɗa tun ƙuruciya, alhali mai laifin ko a ƙasa ba ya nan.