Ƙarafan Liƙin Malam

Mutum yana iya yafe miki ba tare da ya buɗe baki ya ce ya yafe ba? Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce Allah ne masani. Na tambayi mata tsarana, kowace ta ɗauko labarin nata mijin, muka tashi ban samu amsa ba. Damina biyu ke nan da rasuwar Malam, maigidana, kuma har yau in na tuna kuka nake yi, ba na ɓoyewa. Ni ban yi karatu ba. Faɗi nake yi, ɗiyata da ta yi lakwal, wato makarantar boko, tana rubutawa.

Malam mai liƙi ne. A Madarunfa duk abin roba da ya tsage, bokiti ne, buta ce, jarka ko silifa, wurinsa ake kawowa. Yana da ƙarafa uku masu faɗin baki, wani maƙeri a Safo ya ƙera masa su daga karyayyiyar adda tun kafin a haifi ɗiyar nan tamu. Sai ya cusa su cikin garwashi, in ɗaya ya yi zafi ya zaro shi, ya yanko ɗan ƙyallen roba ya ɗora bisa tsagar, ya bi da ƙarfen a hankali har su haɗe. Daga nan ya zuba ruwa, ya ɗaga abin sama yana duban gindinsa. In bai ga ɗigo ba ya miƙa wa mai shi, ba ya ƙara magana.

Yakan ce roba ba ta kama wadda ba danginta ba. Ta jarka ba ta zama a jikin bokiti, ta silifa kuwa sai silifa. Shi ya sa ba ya yar da komai. Abin da ya gagari gyara sai ya ajiye shi don ya gyara wani da shi. A bayan rumbunmu ya tara su, tsibi guda, har ya kusa kai tsawon danga. Ranar kasuwa mutane na dawowa da sabon kaya, shi yana dawowa da hannun bokiti da ya tsinta a hanya.

Gidanmu ma haka yake. Gugar rijiyarmu robar cikin taya ce, igiyarta kuma shi ya tufka da zaren tsofaffin buhuna. Butar alwalarsa liƙi ya yi mata yawa har na manta launinta na fari. Na taɓa gajiya da wani silifa nawa, na kai shi bolar bayan gari na jefar. Washegari da na fito ɗaki na tarar da shi a bakin ƙofa, an sa masa sabon hanci. Na saka, na ƙara shekara da shi. Ba wanda ya tayar da zancen.

Sai ciwo ya kama shi a farkon damina. Ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya yi masa wuya. Ƙanensa da ɗiyarmu suka kai shi likita a Maraɗi, aka riƙe shi can. Ni aka bar ni da gida da awaki.

Kwana huɗu da tafiyarsu na je bayan rumbu ɗauko kara, kunama ta fito daga tsibin nan ta harbe ni a yatsa. Ba ita ce ta farko ba, ita ce ta uku a rayuwata da tsibin. Ina zaune da yatsa a ɗaure sai na ji muryar masu yawo da amalanken jaki, waɗanda ke karɓar tsohuwar roba da ƙarfe su ba da sabon kaya. Na leƙa na kira ɗaya daga cikinsu.

Ya shigo, ya dubi tsibin, ya cire hula ya mayar.

Ya ce, "Inna, wannan dukiya kuke zaune a kanta?"

Na ce, "Dukiyar kunama ce. Nan take haihuwa."

"Maigidan ya sani?"

"Maigidan yana kwance a Maraɗi. In ya dawo, tsabta zai so."

Ban san inda na samo wannan maganar ba. Shekara arba'in da wani abu ina tare da Malam, bai taɓa neman tsabtar bayan rumbu ba. Mutumin ya yi sawu biyu kafin ya kwashe. Ya ba ni baho sabo, kore shar, mai sheƙi, ya ɗora mini moɗa a kai kyauta. Na share wurin, na yayyafa ruwa. Gaskiya ranar na ji daɗi. Na zauna ina duban filin kamar an ƙara mini gida.

Bayan kwana biyu ƙanen Malam ya dawo daga Maraɗi. Tun ina amarya abokin wasana ne, mun tsufa bai daina ba. Tun daga zaure ya fara.

"Matata, ina kike? Ko kin samu wani tun da ba ma nan?"

Na ce, "Wa zai ɗauki ragowarku? Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi. Ya aiko ni in dubo masa ƙarafansa. Ya ce suna cikin baƙar jarka mara wuya a ƙarƙashin tsibin, ya naɗe su a buhu. In shafa musu mai kada damina ta ci su."

Ya zagaya bayan rumbu. Da ya fito, wasan ya bar fuskarsa. Ni a zatona ƙarafan suna ɗakinsa, ƙarƙashin gado, inda suke kwana da rani. Ashe da damina ɗakin na yoyo ta wannan kusurwa, shi ya sa yake mayar da su cikin jarka. Duk shekarun nan ban taɓa lura ba.

Ƙanen ya hau moto ya bi sawu har Ɗan Issa, inda masu wannan sana'a ke tara kayansu. Aka ce masa motar ta riga ta ƙetare wajen Katsina. Ya dawo da la'asar, ya sha ruwa a sabuwar moɗar, ya dube ta, ya ajiye.

Ya ce, "To, matata, kin sayar da mijinki a baho."

Na ce, "A sa a ƙera wasu mana."

"Maƙerin Safo ya daɗe da rasuwa. Ko an ƙera ma, hannun mijinki ya ci ƙotar waɗancan. Makaho ne shi?"

Na roƙe shi kada ya faɗa. Ya ce ba zai faɗa ba, amma in aka tambaye shi ba zai yi ƙarya ba.

Aka sallamo Malam bayan mako biyu, ba don ya warke ba. Suka shigo da shi a riƙe. A tsakar gida ya tsaya ya huta, idonsa ya kai bayan rumbu. Ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "An yi shara."

Na ce, "An yi."

Ya ce, "Madalla."

Aka shigar da shi ɗaki. Bai tambayi ƙanensa ba, bai tambaye ni ba. Da na kawo masa ruwan wanka a sabon bahon, ya ƙwanƙwasa gefensa da farce, ya saurara, ya yi wankansa. Mutane suka ci gaba da aiko tsagaggun kaya, ba su san abin da ake ciki ba. Sai ya ce a gaya musu sai ya samu sauƙi. Ni ce mai kai saƙon zaure. Wata maƙwabciya ta ce mini, "Allah ya tashi kafaɗarsa, bokitina uku ke jiransa." Na ce amin.

Da jikin ya ƙara nauyi, ya yi abin da dattawa ke yi. Ya sa aka kira masa maƙwabta da abokan zamansa na kasuwa, ɗaya bayan ɗaya. Ya nemi gafararsu, su ma suka nemi tasa. Ina bakin murhu ina ji yana cewa, na yafe maka duniya da lahira. Har wani masunci na bakin tafki da suka shekara ba sa gaisawa, an kira shi, an yafe masa. Ni da nake shiga ɗakin sau goma a yini, ban ji tawa ba. Mace ba ta so mijinta ya tafi da abu a zuciya game da ita. Wannan kowa ya sani. Na kasa cin tuwo.

Wata safiya na kai masa kunu, na durƙusa, na faɗa masa duka. Kunamar, mai amalanke, bahon, tafiyar ƙanensa Ɗan Issa. Na ce ban san ƙarafan na ciki ba. Na ce, "Malam, ka yafe mini." Ya dube ni, ya shanye kununsa har ƙasa, ya miƙo mini kwanon. Sai tari ya taso masa, ɗiyarmu ta shigo, maganar ta tsaya nan.

Bahon kuwa bai cika wata biyu ba. Na ɗauko shi cike da ruwa daga rijiya, ina saukewa ya tsage daga baki har gindi. Da can da na kai shi bola. Yanzu na kasa. Kuma ba sauran ƙyallen roba ko ɗaya a gidan, ni na tabbatar da haka da hannuna. Sai na yanko bakin moɗar nan, tun da tare aka ba ni su, na ce ƙila dangi ne.

Ranar ce ranar Malam ta ƙarshe. Ya cika da la'asar sakaliya, ƙanensa na riƙe da kansa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ni ina ƙofa. An ce mini ya amsa, alhamdu lillahi. Amma wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne. Ni tawa maganar da hantsi aka yi ta.

Na zauna a bakin murhu, dab da ƙofar ɗakinsa, na sa wuƙar yankan kuɓewa cikin wuta har ta yi ja. Na ɗora ƙyallen bisa tsagar yadda na ga yana yi, na danna. Robar ta narke, ta yi baƙi, hayaƙi ya tashi, tsagar ta zama rami. Na sake, ramin ya ƙaru. Hawaye na zuba mini, hayaƙin na shiga ɗaki. Sai na ji ya yi gyaran murya. Na ajiye wuƙar na leƙa da sauri. Idonsa a rufe yake.

Na ce, "Malam, maganar da na yi maka rannan. Ka yafe mini?"

Ya ja numfashi, bai buɗe ido ba. Na matsa kusa don muryar ta yi ƙasa.

Ya ce, "Wuƙar taki ta yi zafi da yawa, tun daga nan nake jin ƙauri. Ki bari ta huce kaɗan, sannan ki ɗora."